Suna Linzami: Yadda Mantuwar Tsofaffi Ta Zama Cuta Mai Suna

Hausawa na cewa suna linzami ne, inda aka ja shi nan ake bi. Tsohuwar da ta fara manta sunayen jikokinta, ko ta aza tukunya bisa murhu ta fita abinta, ko aka tsince ta da asuba cikin wata unguwa tana neman gidan ubanta da ya rushe tun ba a haife mu ba, sunan da aka sa ma halinta shi ke yanke abin da za a yi da ita. In an ce gigin tsufa ne, sai a yi dariya a ƙyale ta. In an ce hauka ne, sai a nemo kwaɗo a rufe ɗaki. In kuwa bakin wani ya suɓuce ya ce maita, to Allah ya kiyaye abin da zai biyo baya.

Ƴan uwa masu karatu, wannan rubutu tarihin suna guda ne, wato cutar Alzaima. Za mu bi shi daga wani asibiti na ƙasar Jamus, mu ga yadda likitocin Turai da kansu suka share shekara sittin da ɗoriya suna cewa “ai tsufa ne”, kamar dai yadda ake cewa a gidajenmu yau, da abin da ya sa suka canza magana.

Kafin a samu suna

Mantuwar tsufa ba baƙuwa ba ce ga ɗan Adam. Alƙur'ani mai girma ya ambaci matakin shekarun da mutum ke komawa bai san abin da ya sani a da ba, cikin Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5. Mutanen da sun ga abin, sun kuma ɗauke shi a matsayin ƙarshen doguwar rayuwa, kamar furfura da zubewar haƙori.

Likitocin Faransa na farkon ƙarni na 19 sun yi ƙoƙarin rarrabe ciwuttukan hankali, kowane da sunanshi. Philippe Pinel ya yi amfani da kalmar da muke ji a lekol, démence, ɗalibinshi Esquirol kuma ya faɗaɗa bayaninta cikin littafin da ya fitar a 1838. Esquirol ya kwatanta mai wannan hali da mai arzikin da ya talauce, domin a bambanta shi da wanda tun haihuwa bai samu cikakken hankali ba. Kwatancen ya yi kyau, amma kalmar ta zo da kaya mai nauyi. Cikin dokar hukunta laifuka ta Faransa ta 1810, ita ce kalmar da ke nufin hauka kai tsaye. Don haka tsohon da ya ruɗe, in danginshi sun gaji, gidan mahaukata ake kai shi, ya kwana ɗaki guda da mai farfaɗiya da wanda tunjere ya taɓa ma ƙwaƙwalwa. Babu wanda ya san abin da ke faruwa cikin kan nashi.

Matar ma'aikacin jirgin ƙasa

Ranar 25 ga Nuwamba 1901, wani ma'aikacin ofishin jirgin ƙasa mai suna Karl Deter ya kai matarshi Auguste asibitin masu taɓin hankali da farfaɗiya na birnin Farankfut. Mutanen gari na ce ma wurin fadar mahaukata. Shekarunta 51. Cikin ƴan watanni ta canza ma mijinta kwata-kwata: ta fara zarginshi da neman wata maƙwabciya, girki ya gagare ta, tana jan kayan ɗaki daga nan zuwa can tana ɓoye su, wani lokaci ta yi ta kururuwa wai za a kashe ta.

Kashegari wani likita ɗan shekara 37, Alois Alzaima, ya zauna da ita. An haife shi a 1864, kuma tun 1888 yake aiki a asibitin. Shi da shugabanshi Emil Sioli suna cikin masu ganin a daina ɗaure majinyata, a riƙa kwantar masu da hankali da magana da dogon wanka cikin ruwan ɗumi. Ya tambaye ta sunanta, ta ce Auguste. Ya tambayi sunan danginta, ta sake cewa Auguste. Ya tambayi sunan mijinta, ta maimaita sunan nan dai, tana shakka. Da rana ya same ta tana cin abinci, ya tambaye ta me take ci, ta ambaci wani ganye dabam da abin da ke gabanta. In aka nuna mata kofi, sai ta kira shi abin zuba madara. Da ya ba ta alƙalami ta rubuta sunanta, ta fara, ta tsaya a tsakiya, ta ce mashi kamar ta ɓatar da kanta ne.

Abin da ya ɗaure ma Alzaima kai shi ne shekarunta. Da ta kai 80, da ya rubuta gigin tsufa ya rufe takarda, kamar kowane likita na zamanin. Amma mace mai 51 ba tsohuwa ba ce. Ke nan akwai abin da ke cin ƙwaƙwalwar, kuma ba yawan shekaru ba ne.

A 1903 ya bar Farankfut, ya bi babban malamin nan Emil Kraepelin har birnin Munik, amma bai daina bin labarin matar ba. Ita kuwa jiki ya ci gaba da lalacewa har magana ta ɗauke, ta koma kwance a dunƙule. Ta rasu ranar 8 ga Afrilu 1906, sanadin gyambon kwanciya da ya shiga jini. Aka aika mashi da ƙwaƙwalwarta da takardun jinyarta.

Abin da rini ya nuna

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin marina ya san rini ke fito da zanen da aka ɗaure cikin ƙyalle. Haka aikin yake a ɗakin bincike. Ana yanka ƙwaƙwalwa siriri fiye da takarda, a tsoma cikin rini, sannan a duba da madubin likita mai ƙara girman abu. Ƴan shekaru kafin nan wani likita, Max Bielschowsky, ya ƙirƙiro wani rini na azurfa da ke fito da zaren da ke cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Da shi Alzaima ya yi aiki.

Ya tarar ƙwaƙwalwar ta motse, ƙwayoyi da yawa sun mutu. Cikin waɗanda suka rage, zaren ya cukurkuɗe kamar abawar da akuya ta shiga. Tsakanin ƙwayoyin kuma ga wasu ƙananan dunƙule-dunƙule barbaje ko'ina. Kalmar da ya kwatanta su da ita asalinta daga sunan gero ne a harshen Latin, wato abu mai kama da ƙwayar hatsi. Waɗannan alamu biyu, cukurkuɗaɗɗen zare da ƙwayar hatsi, har gobe da su ake tabbatar da cutar.

Ranar 3 ga Nuwamba 1906 ya kai sakamakon gaban taron likitocin hankali na kudu maso yammacin Jamus, a garin Tubingen. Ya gama bayani, shugaban zama ya ba da damar tambaya, ko mutum guda bai ɗaga hannu ba. Aka wuce ga mai magana na gaba. A 1907 aka buga bayanin, shafi uku kacal.

A 1910 Kraepelin ya fitar da bugu na takwas na littafinshi na koyar da likitanci, wanda ake karantawa a Turai duka, ya sa ma abin suna cutar Alzaima. Sai dai ya ja wani layi: sunan na waɗanda abin ya kama tun ba su tsufa ba ne. Wanda ya ruɗe bayan ya manyanta, wannan gigin tsufa ne, ba ya cikin lissafi. Alzaima kanshi bai nace ma wannan rabo ba. Ya rasu a 1915 yana da shekara 51, daidai shekarun da Auguste ke da su ranar da suka fara haɗuwa.

Mutum biyu da tarihi ya yi ma rowa

Tun a wancan lokaci akwai wanda aikinshi ya nuna layin bai zauna daidai ba. A birnin Parag, cikin shekarar 1907, Oskar Fischer ya duba ƙwaƙwalwar tsofaffi 16 da suka mutu da gigin tsufa, ya samu ƙwayar hatsin nan cikin 12. Wato abin da ya kama mace mai 51 shi ne ke kama masu 70 da 80. Amma Fischer na makarantar Parag ne, wadda ke gasa da ta Munik, kuma mai littafin da ake karantawa a Munik yake. Daga baya ƴan Nazi suka kama Fischer, wanda asalinshi Bayahude ne, ya mutu a tsare a Theresienstadt a 1942. Sunanshi ya kwanta shekaru da dama.

Na biyun ɗan Afirka ta Yamma ne. An haifi Solomon Carter Fuller a Monrobiya ta ƙasar Laberiya a 1872. Kakanshi bawa ne a Amurka, ya fanshi kanshi ya ƙaura Laberiya. Fuller ya tafi Amurka karatu yana saurayi, ya gama likitanci a Boston a 1897, kuma a 1904 yana cikin baƙi biyar da aka ɗauka su yi aiki a ɗakin binciken Alzaima a Munik. Da ya koma Amurka, a 1912 ya tattara duk majinyatan da aka bayyana da cutar zuwa lokacin, ya haɗa da nashi, ya buga da Ingilishi. Ta hannunshi masu wannan harshe da yawa suka fara sanin aikin. In wani ya ce maku wannan ilimin Turawa ne zalla, ku tuna mashi da Fuller.

Shekara sittin na “ai tsufa ne”

Layin Kraepelin ya yi aiki irin na linzami. Tun da masu kamuwa kafin shekara 65 kaɗan ne, sai cutar Alzaima ta zama abin da ɗalibin likita ke haddacewa don jarrabawa, ya yi aiki har ya yi ritaya bai rubuta ma kowa ita ba. Dubban tsofaffin da ke cika gidajen mahaukata kuwa, ana cewa jijiyoyin jininsu ne suka ƙandare saboda shekaru. Abin da aka ce tsufa ne, wa zai kashe kuɗi ya neman mashi magani?

Abu biyu suka karya layin. Na farko, mutane suka fara daɗewa a duniya. Da rigakafi da ruwa mai tsabta da maganin ƙwayoyin cuta suka yaɗu, tsofaffi suka yawaita a Turai da Amurka, ruɗaɗɗu a cikinsu ma suka yawaita. Na biyu, bincike. A 1968, a garin Niyukasil na Ingila, likitoci uku, Blessed da Tomlinson da Roth, suka gwada tunanin tsofaffi tun suna da rai, bayan sun rasu suka ƙidaya ƙwayar hatsin cikin ƙwaƙwalwarsu. Suka ga gwargwadon yawanta, gwargwadon ruɗewar mutum. Suka kuma ga tsofaffi tukuf da suka mutu da hankalinsu garau, ƙwaƙwalwarsu kusan ba tabo. Ashe tsufa dabam, cutar dabam.

A 1976 wani likitan Amurka, Robert Katzman, ya rubuta gajeren sharhi yana cewa a daina raba biyu: mafi yawan abin da ake kira gigin tsufa cutar Alzaima ce, kuma in aka ƙidaya da gaskiya za ta zo ta huɗu ko ta biyar cikin abubuwan da ke kashe mutane a ƙasarshi. Daga nan al'amura suka ɗauki gudu. Iyalan majinyata suka kafa ƙungiya a Amurka a 1980, ta duniya ta biyo baya a 1984. A shekarar nan ta 1984 Glenner da Wong suka gano furotin da ke cikin ƙwayar hatsin, amiloyid, kuma zuwa 1986 aka gane na cukurkuɗaɗɗen zaren, tawu. A 1994 aka fara ware ranar 21 ga Satumba don tunawa da cutar a duniya, kuma a Nuwamban shekarar tsohon shugaban Amurka Ronald Regan ya rubuta ma jama'arshi wasiƙa da hannunshi cewa ya kamu. A ƙarshen 1995 aka tono takardun jinyar Auguste cikin ma'ajiyar asibitin Farankfut, da rubutun hannun Alzaima da nata rubutun da ta kasa ƙarasawa.

Gyaran suna bai tsaya nan ba. A 2004 gwamnatin Japan ta soke tsohuwar kalmar da ake kiran cutar da ita, domin tana ɗauke da ma'anar wauta, ta maye ta da wata mai nufin ciwon fahimta. A 2013 babban kundin likitocin hankali na Amurka ya fifita wani sabon suna, wanda za a iya cewa babbar tawayar fahimta, don a rabu da warin hauka da tsohuwar kalmar ke da shi.

To, magani fa? Na farko ya fito a 1993, donepezil ya biyo a 1996. Suna ɗan sassauta alamu na wani lokaci, ba sa tsayar da cutar. A 2023 Amurka ta amince da wani sabo, lecanemab, mai rage saurin lalacewa da wajen kashi ɗaya cikin huɗu ga waɗanda ke matakin farko, kuma a lokacin kuɗinshi a shekara ya kai dalar Amurka 26,500, sama da miliyan 15 na sefa. Har yau dai babu mai warkarwa.

Daga Ibadan zuwa ƙofar gidanmu

An daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne, baƙar fata ba ya yin shi. A 1992 likitocin jami'ar Ibadan, Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi da abokan aikinsu, suka haɗa kai da Hugh Hendrie na Amurka. Suka riƙa bin Yarabawa masu shekara 65 zuwa sama a Ibadan, da baƙaƙen fatar birnin Indiyanapolis masu shekaru iri ɗaya, da ma'auni guda. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna kowace shekara kashi 1.35 cikin ɗari na tsofaffin Ibadan ke kamuwa, a Indiyanapolis kuwa kashi 3.24. Darasi biyu ke nan. Cutar na nan a Afirka ta Yamma. Kuma tun da bambancin ya kai haka, yanayin rayuwa na da hannu. Masu binciken sun lura hawan jini da ciwon suga da kitsen jini sun fi yawa ga na Amurka.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da cutar mantuwa, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Alzaima ce ke da kashi 60 zuwa 70 na adadin. Cikin sauran akwai wadda ke biyo bayan toshewar jijiyoyin jini a kai, irin wadda muke gani ga wanda ɓarin jikinshi ya shanye.

Nijar ƙasar yara ce, kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba, shi ya sa in an yi maganar lafiya, tamowa da masassarar cizon sauro da haihuwa ke cin gaba, kuma da dalili. Amma lokacin da muka samu ƴancin kai a 1960, tsawon ran da ake sa ma jariri bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Hanyar da Turai ta bi ta tsinci kanta da tsofaffi masu yawa, ita muka hau. Ga tansiyo da ciwon suga sun shigo birane. Ga samari sun tafi ci-rani, an bar tsoho hannun suruka ko jikanya, wani lokaci ma a cire yarinyar daga lekol don ta zauna gadin kaka. Ita ke shan zagi da zargin sata in tsohuwa ta ɓoye kuɗinta ta manta, ita ke wanke shimfiɗa da dare, ba mai ce mata sannu.

Nan tarihin ke da amfani gare mu. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu cikin kusan kashi 45 cikin ɗari na masu cutar. A ciki akwai ƙarancin karatu tun ƙuruciya, hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da na gani da ba a kula ba, buguwar kai, da kaɗaici. Awon tansiyo a gidan likita na unguwa da hular kwano ga mai kabu-kabu sun fi kusa da mu bisa allurar miliyan 15.

Sannan ba kowace ruɗewa ce wannan cuta ba. Cutar mantuwa a hankali take tafiya, wata da watanni, shekara da shekaru. Tsohon da jiya lafiya lau, yau ya wayi gari bai san inda yake ba, sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon fitsari, ko ƙishirwar bazara ta busar da shi, ko wani maganin da ya sha. Wannan ana warkar da shi in an kai shi likita da wuri. Wanda ya ce “ai tsufa ne, ku bar shi” ya hana shi wannan dama. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wanda kuwa cutar ce ta gaske, sanin sunanta na canza zaman gida. In Inna ta tambaye ka sau goma ko ka ci abinci, ka amsa sau goma, ba da gangan take yi ba. In Baba ya ce za shi gona alhali an sayar da gonar shekara ashirin, gardama ba ta da amfani, ka ce mashi rana ta yi zafi, a bari sai la'asar. A ɗinka sunan unguwa da lambar waya cikin aljihun rigarshi. A sanar da maƙwabta da mai unguwa da liman, don ranar da aka gan shi tsakar dare a ƙofar wani, a riƙo hannunshi a maido shi gida. Tsohuwar da ke yawo da dare tana sambatu, tana amsa duk laifin da aka ɗora mata don ba ta fahimci tambayar ba, ita ce ta fi kowa saurin shan sunan mayya.

Gidajen rediyo na Hausa sun fara cewa “cutar mantuwa”. Sunan bai cika ba, don ciwon na taɓa magana da hali da sanin hanya, ba tuna abu kaɗai ba. Amma kalmar farko ta cikinshi ita ce wadda likitocin Turai suka yi jinkirin shekara sittin kafin su yarda su faɗa game da tsofaffinsu: cuta. Mai cuta jinya ake yi mashi, ana gaishe shi, ana taya masu kula da shi. Mu da muka samu karatu, mu ne za mu kai kalmar nan gida lokacin hutu, mu faɗe ta a tsakar gida da harshen da kaka da suruka za su ji.